Fanko a Katin Magini

Wanda ya kashe magini bai ɗaga masa hannu ba, bai ma san fuskarsa ba. Da lalaci ya fara, da tsoro ya ƙarasa, sannan ya koma gefe ya naɗe hannu yana kallo ana jifar ƙofar wata baiwar Allah da duwatsu a kan abin da shi ya aikata.

Ran wata Talata da hantsi abokan aiki suka kawo magini asibiti a bayan motar yashi. Ƙusa ce ta soke shi kwana shida da suka wuce, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, zazzaɓi ya rufe shi har ba ya gane wanda ke kansa. Likita ya buɗe katinsa a kwamfuta, ya duba gurbin gargaɗi, inda ake rubuta maganin da jikin mutum ba ya karɓa, ya ga babu komai. Ya rubuta fenisilin. Minti ashirin bayan allura magini ya cika.

Da matarsa ta iso ta ji sunan maganin, sai ta ɗora hannu a ka. Shekara tara ke nan da wannan maganin ya kusa kashe shi a wannan asibitin, kuma a gaban idonta aka rubuta gargaɗin. Aka duba rajistar kwamfuta, aka ga wadda ta taɓa katin a ƙarshe ita ce matar da ke zama a tagar kati, wadda kowa ke kira Mai Kati. Aka kuma tuna cewa a ranar da ta taɓa shi, wata uku baya, ita da matar magini sun yi cacar baki a kan layi har sai da mai gadi ya shiga tsakani. Unguwa ba ta nemi ƙarin bayani ba.

Hukumar asibitin ta ɗauko wani mutum da ake kira Mai Sawu. Ya haura hamsin, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai. Shekara ashirin yana bin rumbun bayanai na ma'aikatu duk lokacin da wani abu ya ɓace ko ya sauya ba da izini ba. Da littafin rubutu irin na 'yan makaranta yake yawo, domin ya daɗe da sanin cewa duk abin da ke cikin kwamfuta akwai mai iya gyara shi.

“Malam, aikin ba shi da yawa,” in ji Shugaban asibitin, yana turo masa takarda mai shafi biyu. “Ran Juma'a za mu miƙa wa 'yan sanda.”

Mai Sawu ya karanta. Rahoto ne an riga an buga shi, ya ce Mai Kati ta goge gargaɗin da gangan saboda ƙiyayya. A ƙasa an bar fili.

“Yallaɓai, tunda an gano, me aka kira ni in yi?”

“Sa hannu. Hukuma tana son hannun wani daga waje.”

“Hannuna yana da nauyi,” in ji Mai Sawu. “Sai ya kwana uku kafin ya ɗagu.”

Shugaba bai yi dariya ba.

Mai Sawu ya sami Mai Kati a gidan yayanta, wani bakanike, domin gidan hayarta bai zaunu ba tun ranar da aka fasa mata taga. Tana zaune a kan buhun tsummokara a ɗakin da ake ajiye tsofaffin tayoyi, 'ya'yanta biyu suna leƙowa ta bayan labule. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Idan aka ɗaure ta, yaran nan sun rasa uwa da uba ke nan.

“Kin yi faɗa da matar magini?” ya tambaye ta.

“Na yi, Baba. Ta tsallake mutum goma sha ɗaya, na ce ta koma baya, ta ce mini 'yar taga. Na rama.”

“Me kika ce mata?”

Ta sunkuyar da kai. “Na ce za ta dawo tagar nan tana kuka.”

Bakanike ya buga cinya. “Kin ji ko! Bakin nan naki! Tun muna yara nake gaya miki.”

“Yaya, ka bar ni da abin da ke damuna.” Ta juyo. “Baba, lambar waya ta zo sauyawa, lambar na sauya. Shafina suna ne, da shekaru, da lamba, da adireshi. Ban taɓa ganin gurbin gargaɗin nan da idona ba. Shekara goma sha ɗaya ina tagar nan.”

Mai Sawu ya rubuta. Bai ce mata ya yarda ba. Ya sha ganin masu kuka da suka aikata, ya sha ganin masu bushewar ido da ba su aikata ba.

Likitan saurayi ne, idonsa ya faɗa. Ya sa Mai Sawu ya jira shi awa guda a kan bencin majinyata kafin ya fito.

“Na duba gurbin, babu komai,” ya ce. “Mutumin ba ya magana, waɗanda suka kawo shi ko sunan mahaifinsa ba su sani ba. Me zan yi?”

“Idan mutum ba shi da maganin da jikinsa ke ƙi, me kuke rubutawa?”

Likita ya ce, “Muna rubuta ‘babu’.”

“Kullum?”

“Doka ce. Ba a barin gurbin haka nan.”

“To da ka ga an bar shi haka nan, ba ‘babu’, ba komai, bai dame ka ba?”

“Malam, mutum saba'in nake gani a rana. Kai ka taɓa tsayawa a kan mutum yana karkarwa, wasu arba'in suna buga maka ƙofa?”

Mai Sawu ya daɗe yana kallonsa. Ya yi tunanin ko likitan ne ya goge bayan mutuwar don ya rufa wa kansa asiri. Amma rajista ta nuna buɗewa kawai ya yi, bai ajiye komai ba. Sakaci ne a wuyansa, ba shi ya goge ba.

Ɗakin Injiniya, mai kula da kwamfutocin asibitin, yana ƙarshen baranda, shi kaɗai ne ɗaki mai sanyi a asibitin. Mutum ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai tsafta, mai fara'a. Ya miƙe ya ba Mai Sawu kujerarsa.

“Baba, bari in sauƙaƙa maka.”

“Sauƙaƙa mini, ɗana. Mu tsofaffi kanmu ya yi tauri.”

“Babu mai rubutu kai tsaye a cikin rumbun. Akwai jerin umarni da aka ajiye a ciki, muna ce masa furosija. Ɗauke shi kamar ma'aji a bakin ƙofa. Taga ta aiko masa da takarda, ɗakin likita ya aiko, shi ne mai shiga ya gyara. Takardar tana da gurbi shida, amma ba dole a cike duka ba. Taga tana cike huɗu. Biyun likita, gargaɗi da rukunin jini, suna zuwa fanko. Ƙa'idar ma'aji ita ce, duk gurbin da ya zo fanko, a bar abin da ke ciki yadda yake.”

Ya buɗe umarnin ya nuna masa. Mai Sawu ya sa tabarau ya bi layi-layi da yatsa. Haka yake. Kowane gurbi yana da kariyarsa: in an kawo sabo a sa, in ba a kawo ba a bar tsoho. Suka ƙirƙiri katin gwaji, suka sa masa gargaɗi, suka sauya lambar waya daga shafin taga. Gargaɗin yana nan bai motsa ba. Suka maimaita sau uku.

“To ta yaya Mai Kati ta goge?” in ji Mai Sawu.

Injiniya ya rage murya kamar abin yana masa ciwo. “Akwai wani tsohon shafi da wanda na gada bai rufe ba. Kowane ma'aikaci yana iya shiga. Idan ta danna maɓallin tazara sau ɗaya a gurbin, ma'aji zai ɗauka an kawo sabo, ya maye tsohon da shi. A ido sai ka ga babu komai. Wallahi ban so faɗa ba. Yaya nake ce mata.”

Mai Sawu ya duba ranar da aka taɓa umarnin a ƙarshe. Ashirin da shida ga Maris.

“Me aka yi masa ranar?”

“Gyaran wata-wata ne, Baba. Duba sauran.”

Ya duba. Furosija arba'in da ɗaya ne a rumbun, dukansu ranarsu ɗaya.

Ya fita da nauyin zuciya. Kwana ɗaya ya tafi, kuma duk abin da ya samu ƙarin igiya ne a wuyan matar.

Washegari bai nemi kowa ba. Ya jawo kujera ya zauna a cikin ɗakin kati, bayan abokiyar aikin Mai Kati, wata mace mai jiki da ba ta rabuwa da mafici.

“Malam, in leƙen asiri ka zo, ka matsa gefe, kana tare mini iska,” ta ce.

Ya matsa. Awa biyu yana kallon hannuwa suna shigowa ta taga suna fita. Can sai wani dattijo ya sunkuyo ya ce a cire lambar waya daga katinsa. Ta matarsa ce, ta rasu, an sayar wa wani layin, kuma asibiti bai daina aika saƙon ranar ganin likita ba. Shi ba shi da waya.

“Kawu, ba ta gogewa,” in ji matar. “Sai dai in cike maka da sifiri.”

Ta jera sifiri goma sha ɗaya, ta ajiye.

“Me ya sa ba ta gogewa?” in ji Mai Sawu, ko da yake ya san amsar.

“Ka tambayi kwamfuta, ƙanwar babarka ce. In ka share ka ajiye, sai tsohuwar ta dawo kamar mayya. Mun yi ƙorafi har mun gaji. Sau ɗaya muka taɓa samun sauƙi, sati uku, mu share ta sharu. Har muka yi wa Injiniya addu'a. Rana ɗaya muka zo ta koma gidan jiya.”

Mai Sawu ya ciro littafinsa.

“Yaushe ne?”

“Lokacin da 'yata ta haihu. Maris.”

“Wa ya kai ƙorafin?”

“Ita Mai Katin. Ta ce minti goma bai yi ba ya gyara.”

Ya nemi Shugaba ya ba shi izinin shiga rumbun da kansa, daga wata kwamfuta a ɗakin taro, ba tare da kowa a kansa ba. Shugaba ya yi tsaki ya ba shi.

Katin magini ya fara buɗewa. Ya auna tsawon abin da ke gurbin gargaɗi. Babu tazara, babu ɗigo. Fanko ne tsantsa, irin na gurbin da ba a taɓa rubuta komai a ciki ba. Ya duba rukunin jini, shi ma haka. Umarnin da aka nuna masa jiya ba zai taɓa iya mayar da cikakken gurbi fanko ba, ko da shaiɗan ne ya zauna a taga. Ke nan akwai lokacin da umarnin ba haka yake ba.

Ya jero duk katin da taga ta taɓa a shekarar. Kafin uku ga Maris, lafiya lau. Bayan ashirin da shida ga Maris, lafiya lau. Tsakanin ranakun nan kati ɗari huɗu da goma sha uku ne suka bi ta taga, rabi da hannun Mai Kati, rabi da hannun mai mafici. Ɗari uku da tamanin daga ciki, har da na magini, gurabensu biyu na likita fanko ne. Talatin da ɗaya kuwa likitoci sun sake cike su daga baya da masu su suka dawo. Likita shida ne suka ga ramin suka cike, babu wanda ya ɗaga kai ya tambayi wa ya haƙa.

Wannan ya isa ya nuna inji ne ya goge, ba mace ba. Amma bai isa ya nuna wa ya sani ba. Injiniya zai ce tangarɗa ce, ko ya ɗora wa wanda ya gada, Shugaba kuma zai ce tunda ba a san mai laifi ba, a bar rahoto yadda yake. Mai Sawu ya san irin wuraren nan. Ba sa sakin wanda suka kama sai an ba su wani.

Ya sake ƙidaya. Ɗari uku da tamanin da talatin da ɗaya, ɗari huɗu da goma sha ɗaya ke nan. Saura biyu.

Ya nemo su. Wata tsohuwa mai shekara sittin da takwas, da wata yarinya 'yar shekara biyar. Dukansu taga ta taɓa katinsu cikin kwanakin gogewa, an sauya musu adireshi. Dukansu an mayar musu da gargaɗinsu ran ashirin da shida ga Maris, ɗaya da ƙarfe huɗu da minti goma, ɗaya da minti goma sha biyu. Ba likita ne ya mayar ba. Da babban makullin rumbun aka shiga, wanda ba ya ɗauke da sunan kowa. Adireshinsu ɗaya: gida na goma sha huɗu, bayan tankin ruwa.

Ran Alhamis da safe ya je gidan. Sabon fenti, ƙofar ƙarfe, takalman yarinya a jere a bakin tabarma. Tsohuwar tana zaune a inuwa tana tsince shinkafa a faranti, abin shaƙar masu asma yana gefenta.

“Inna, daga asibiti nake. Muna bin majinyata muna tabbatar da katinsu.”

“Lale, lale. Ai ɗana a can yake aiki. Shi ne mai kwamfutocin nan duka. Ka san shi?”

“Na san shi. Yaron kirki.”

“Ai ba don ni na haife shi ba.” Ta tura masa kujera da ƙafa. “A Maris ya ɗauko mu ya dawo da mu nan, ni da jikata da uwarta. Zauna, gwiwar nan taka ta fi tawa tsufa.”

Ya zauna. “Inna, akwai maganin da jikinki ba ya so?”

“Asfirin. In na sha, ƙirjina rufewa yake yi. Jikar kuma wannan na allura, feni wane ne ma. Ai har ya rubuta mana a takarda.”

Ta kwance bakin zaninta ta ciro wata takarda da aka naɗe cikin leda. Rubutun hannu ne, manyan baƙaƙe, sunayen magunguna biyu.

“Wata rana ya dawo daga aiki ko abinci bai ci ba. Ya ce, Inna, daga yau duk likitan da kika je gabansa ki nuna masa wannan, ki kuma faɗa da bakinki. Kada ki dogara da kwamfuta. Na ce, kai da kake cin abinci da ita? Ya ce, ki dai yi abin da na ce.”

Ta yi dariya. Mai Sawu bai iya taya ta ba. Ya roƙi ta bar shi ya ɗauki hoton takardar, ta bar shi, har tana gyara masa ita ta fuskanci haske. Da zai tafi ta ce ya gaishe mata da ɗanta, ya ce masa ya riƙa cin abinci, ya rame kwanan nan.

A bakin tankin ruwa ya tsaya ya huta ƙafarsa. Ya yaudari tsohuwa ta miƙa ɗanta da hannunta. Ya san aikin ke nan, amma sanin bai rage masa komai ba.

Ran Juma'a da ƙarfe goma suka taru a ɗakin taro: Shugaba, Likita, Injiniya, mai mafici, Mai Kati da yayanta, da wani Sufeton 'yan sanda da ya zo karɓar rahoto.

Mai Sawu ya buɗe littafinsa.

“Takarda ta zo wa ma'aji da gurbi fanko. Abu biyu take iya nufi: ko ban zo da labari a kan wannan ba, ko a goge wannan. Ma'aji ba ya iya bambancewa. Wanda ya fara rubuta umarnin ya zaɓi na farko, shi ya sa lambar waya ba ta gogewa. Da mai aikin kirki ne aka kai wa ƙorafin, da sai ya ƙara alama ta daban a takardar, wadda ke cewa a goge lamba, ya bar sauran kariya a wurinsu. Aikin rabin yini ne da gwaji. Amma ran uku ga Maris wani ya yi shi cikin minti goma. Ya cire kariyar gaba ɗaya, daga gurabe shida. Daga ranar, duk wanda ya zo taga sauya lamba ko adireshi, ya tafi an goge masa gargaɗi da rukunin jini, ita kuma mai tagar ba ta ma ganin guraben.”

“Baba, ai mun gwada tare,” in ji Injiniya.

“Mun gwada abin da aka mayar ran ashirin da shida. Ranar ce mutumin ya gano ɓarnar. Ya mayar da kariya, ya bi sauran arba'in ya taɓa su don ranar ta zama ɗaya.”

“Babban makullin ba ni kaɗai na san shi ba. Wanda na gada ma ya sani.”

“Mahaifiyar wanda ka gada a gida na goma sha huɗu take, bayan tankin ruwa?”

Mai mafici ta daina fifita.

Mai Sawu ya karanta katin biyu da lokutansu, ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur da hoton takardar a buɗe. “Ta ce in gaishe ka. Ta ce ka riƙa cin abinci.”

Injiniya ya kalli hoton.

“Kwafin ajiya na rumbun nan kwana nawa yake yi kafin a rubuta sabo a kansa?” in ji Mai Sawu.

“Talatin.”

“Gogewar kwana ashirin da uku ta yi. Ke nan ranar da ka gano, duk ɗari huɗu da goma sha ukun suna cikin kwafin, ba wanda ya ɓace. Ka buɗe ka ɗauki biyu.”

“Sai Shugaba ya sa hannu kafin a mayar da kwafi gaba ɗaya,” in ji Injiniya, muryarsa ta ƙanƙance. “Sai na rubuta dalili. Da sun kore ni. Shekara huɗu na yi ina neman aiki kafin in samu wannan. Na ce likitoci za su cike a hankali. Na ce babu abin da zai faru.”

“Da ya faru fa?”



Bakanike ya zabura, Sufeto ya tare shi da hannu ɗaya. Mai Kati ba ta motsa ba. Ta dubi Injiniya.

“Kullum da safe ta tagata kake wucewa,” ta ce. “Yaya ina kwana, Yaya ya yara. Ranar da aka fasa mini taga ka kira ni ka ce in yi haƙuri, Allah yana tare da mai gaskiya.”

Shugaba ya yi gyaran murya. Abin da ya fara tambaya shi ne ko dole ne a sa adadin nan a rahoto.

“Yallaɓai, mutum ɗari uku da saba'in da tara suna yawo a gari da katin da zai iya kashe su. Kwafin ya tafi. Katunan takarda kun ƙona su shekara uku da suka wuce. Ba wanda ya san abin da ke cikin guraben nan sai masu su. A kira su ɗaya bayan ɗaya, a yi shela a rediyo.”

“Za mu duba. Ba a tayar wa jama'a da hankali haka kawai.”

Mai Sawu ya rubuta nasa rahoton da adadin a shafin farko, ya sa hannu, ya ba Sufeto kwafi a hannunsa don kada shafin ya ɓace a hanya.

Asibitin bai kira kowa ba, bai je rediyo ba. Ya manna wata 'yar takarda a jikin ƙofar shiga, kusa da tallan maganin basir, tana roƙon majinyata su sabunta bayanansu. Mutum hamsin da huɗu suka zo. Ruwan sama ya cire takardar. An ja wa Likita kunne a rubuce, ya ci gaba da ganin mutum saba'in a rana.

'Yan sanda sun janye tuhumar Mai Kati. Mai Sawu ya je da kansa ya yi wa matar magini bayani, tana zaune cikin 'ya'yanta huɗu. Ta saurare shi har ya gama.

“Malam, ban san furosija ba,” ta ce. “Ni dai ita na gani ta danna, kuma ita ta ce zan dawo ina kuka.”

Haka unguwar ta tsaya a kai. Aka ce an saye mai binciken. Mai Kati ta koma taga kwana biyu, wani ya tofa mata yawu ta cikin ƙarfen tagar, ta ɗauki jakarta ta fita. Mai gidan hayarta ya ba wani ɗakin. Yanzu tana wanke gilashin motoci a garejin yayanta, yaran kuma an sauya musu makaranta.

Kotu ta sami Injiniya da laifin sakacin da ya jawo asarar rai da ɓoye shaida. An kore shi daga aiki, an ɗaure shi wata goma sha takwas.